Shawarwarin da suka fito kan tantance kifin gida da ADN

Jama'a ga taƙaicen hirar da muka yi a fada nan Damagaram. Kowa ya yarda ido ba ya raba kifin asali da wanda aka yi wa barbara, sai gwajin ADN, wato gwajin ƙwayoyin halittar da kifi ya gada daga iyayensa. An kawo misalin kifin turawut na Kolorado a Amurka, an shafe shekaru ana kiwonsa ana zubawa a koguna wai ana ceto na asali, ashe wani jinsin ne daban, sai a 2012 da aka gwada da tsofaffin kifayen da ke ajiye a gidajen tarihi aka gano na gaskiyar ya rage a rafi guda kacal, Bear Creek.

Mu dai ba mu da turawut, ruwan sanyi yake so, amma tarwaɗa da karfasan tafkin Gidimuni fa? Shawara ita ce kar a kwaso ƴaƴan kifi daga wani wuri a juye a tafki haka kawai, in sun cakuɗu shi ke nan ba a rabawa. Gwajin ma ba sai an kashe kifin ba, ɗan gefen fiffikensa ake yanka a jefa cikin alkol a rubuta sunan tafki da rana, a mayar da shi ruwa. Kuɗin labo, wato ɗakin gwajin, ne dai aka yi ta gardama a kai, wasu suka ce a nemi malaman jami'a tukuna.