Musayar waƙa: Inna mai haɗa ƙyallaye

Autar Inna:
Salamu alaikum jama'a, kamar yadda wasunku sunka ji Allah ya yi ma Innarmu rasuwa nan Bagalam, to ni duk wanda ya zo gaisuwa sai kuka ya ci ƙarfina in kasa faɗin komi shi ya sa na ce bari in sa abin cikin waƙa, don Allah duk wanda ya san ta ko ya taɓa kwana cikin bargon da ta haɗa shi amsa mini.

Da sunan Allah nike farawa,
Shi ke da rai, shi ke ɗaukewa,
Inna ta tahi babu dawowa,
Ga hunturu ya taho da ɗari.

Ƙyallen da tela ke sharewa,
Ita ka bi tana tsincewa,
Ta wanke, ta shanya, tai gogewa,
Ta zauna ɗinki tun da wuri.

Tsohon zane shi ka zama ciki,
Ta ninka biyu ta bi shi da ɗinki,
Allura da zare su ne aiki,
Ba ta da keke, ba ta da jari.

Mu bakwai ta rena da hannunta,
Ban da marayu ɗiyan ƙanwarta,
Ba ka gane nata cikin ɗakinta,
Kwano guda munka ci, ba gori.

Maƙwabciya:
Allah jiƙan ta, Allah sa ta huta. Katanga guda ce tsakaninmu, bari in faɗi nawa.

Auta ki bar kuka haka nan ɗiyata,
Rashin ga namu ne baki ɗaya.

Ran da na haihu ba uwa kusa da ni,
Ita ta yi min wankan ganyen tsamiya.

Kunun kanwa kullum da hantsi,
Kwana arba'in ba ta nuna gajiya.

Uwar mijinta da ɓarinta ya shanye,
Ita ka juya ta dare da safiya.

Ta wanke shimfiɗa ba toshe hanci,
Ta ba ta koko tana sannu Iya.

Kuma akwai abin da ba shi shiga waƙa sai dai in faɗe shi haka, shekarar 2005 da fara da fari sunka cinye amfanin bara, matan ƙauye sunka yi ta kwararowa Maradi da yara masu tamowa, wadda ba ta samu wurin kwana ba sai ka ji an ce ku tahi wajen Inna, zauren nan nasu cike yake da tabarmi, ta dama hura ta raba ta ɗauko barguna ta rufe yaran, wasu matan ma da bargon sunka koma gida ba ta ce su maido ba.

Tela na babbar kasuwa:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un, sai yau nike ji wallahi, ni ne take zuwa shagona tun ina yaron shago.

Jajibirin salla in mun yi yanka,
Ƙyalle shi taru ƙasan almakashi.

Ta zo da buhu ta zauna gefe,
Ta ware atamfa, ta ware leshi.

Ta ce in faɗi kuɗi, in ƙi karɓa,
Ta ce a'a ɗana, ban son bashi.

Gobe sai ga hura cikin ƙwarya,
Da nono mai kauri da ƙamshi.

Kwalin sukari shi ne ma'auninta,
Da shi take yanka, ba ta sauya shi.

Ni mai keke na duba ɗinkinta,
Na ja da ƙarfi, zare ya ƙi tashi.

Wanda ba shi cikin sana'ar ba zai gane wahalar abin ba. Haɗa ƙyalle ya fi yanka sabon yadi wuya nesa ba kusa ba, don kowane da halinshi, wani na zuba wani na tsukewa in ya sha ruwa, shi ya sa ba ta taɓa ɗinka ƙyalle sai ta wanke shi tukuna, kuma ba ta haɗa mai nauyi da mai laushi wuri guda don in an yi wanki bargon sai ya karkace. Da anka karya darajar sefa cikin Janairun 1994 turmin atamfa ya hau sama, mutane sunka fara tambayar ƙyallen da da ake zubarwa har wasu teloli sunka koma saida shi a buhu, ni dai na Inna daban nike ajewa ƙarƙashin tebur.

Babban ɗa daga Yamai:
Na gode ma kowa da addu'a, amma ku yi haƙuri ni abin da ke raina daban ne kuma sai na faɗe shi.

Kuna ta yabo, ni raina na ƙuna,
Inna ba ta taɓa hutawa ba.

Kowa da mara lahiya sai gidanmu,
Ba a tambayi ko ta ci ba.

Yana ta rufe mata ido guda,
Ba ta aje allurar ba.

Bargo shi cinye mata wata biyu,
Ba a ba ta jikka ukku ba.

Na aiko na kanti daga Yamai,
Bai kwana biyu ɗakinta ba.

Mai jinya shi ma mutum ne jama'a, bayanta ya ranƙwafa tun ba ta tsufa ba saboda ɗaga mutane, in an ɗauke kuran da tocila take ɗinki jikoki na sa mata zare cikin allura, wannan ba abin da za a wuce da Allah sa mata albarka kawai ba ne.

Gwaggo (jikarta ke rubuta mata):
Gwaggo ta ce in rubuta yadda ta faɗa kada in rage komi, ta ce sa'arta ce, dukansu an haife su shekarar da ruwan Gulbi ya ci tsohuwar Maradi 1945 anka hau da gari bisa tudu, kuma ita ta rako ta ɗakin miji.

Kai yaro zauna in ba ka labari,
Kana ƙarami shekarar yunwa.

El Buhari, an rufe iyaka,
Rumbu wayam, ba gero ba dawa.

Ƙanenka na goye ƙyanda ta kama,
Ga ɗari, ba abin lulluɓawa.

Zanen aurenta ta yayyanka,
Ta haɗa da buhu tai mai rufawa.

Yaron bai yi rai ba, Allah ya karɓa,
Tun ran nan allura ba ta ajewa.

Ba cin ƙarfinta mutane sunka yi ba,
Ita ka hita da kanta tana nemowa.

Ta ce a gaya maka bargonka na kanti wata mai jego ce Inna ta kai ma a likita, an yi mata aiki kuma ba ta da kowa cikin gari, ta ce ita da kanta ta raka ta.

Babban ɗa daga Yamai:
Gwaggo na ji, Allah ƙara girma, ba ta taɓa gaya muna zancen zanen ba.

Na ji dalili, na kuma yi kuka,
Amma zancena bai canza ba.

Irinsu Inna suna nan cikin unguwa,
Ba a leƙa ɗakinsu ba.

Ku kai masu goro, ku kai su likita,
Tun ba a ce sun tahi ba.

Ɗan riƙon Inna:
Ni ban iya waƙa ba sosai amma ba ni yin shiru, almajiri nike na ƙofar gidansu, zazzaɓi ya kada ni cikin sanyi ta shigo da ni, daga nan ban sake hita ba har ta sa ni lakkwal tare da ɗiyanta.

Ƙaswa ta cinye min hannuwa,
Ita ta shafa mini magani.

Rigar da na zo da ita daga ƙauye,
Tana cikin bargon da ta ba ni.

Na kai shi Jibiya, na kai shi Agadas,
Yau ɗana ke kwana ciki, ku gani.

Shuɗin ƙyallen na nan kusurwa, ta ce mini kada in manta inda na hito.

Autar Inna:
Allah saka ma kowa, na karanta ma 'yan gida duka, Yaya ka yi gaskiya kuma Gwaggo ta yi gaskiya. Da munka buɗe adakarta mun iske wani bargon da ta kai rabi da ƙyallaye yankakku ɗaure-ɗaure cikin leda, na jikar maƙwabciyarmu ne da za a haifa.

Bayan addu'ar arba'in mu taru,
Mata ku zo da allura da zare.

Wadda ta iya ta koya ma wadda ba ta iya,
Mu gama shi kamin suna, mu tare.

Maƙwabciya:
Ni na iya ɗinkin baki, ta koya mini, in sha Allahu da ni za a yi kuma zan zo da 'yan matan gidanmu biyu. Maganar Yayanku kuma kada a bar ta nan, akwai tsohuwar nan ta bayan masallaci da ke jinyar mijinta ita kaɗai, duk wadda za ta zo ta riƙo ko tiya guda ta gero mu haɗa mu kai mata ranar.

Tela na babbar kasuwa:
Auta buhu biyu na nan ƙarƙashin tebur da na tara mata tun salla, ki aiko yaro ran Litinin da sassafe kamin kasuwa ta cika, shi zo da kabu-kabu don suna da nauyi, zare kuma kada ku saya ni zan bada.