Zamanmu na masu gwajin manhaja ya koma lacca, ku ba ni shawara

Bilkisu: Assalamu alaikum 'yan zaure. An ɗora mini jan ragamar zaman ƙara wa juna sani da muke yi ta intanet, mu masu gwajin manhaja. Damuwata, mutum ɗaya ke ta zuba, sauran sun kashe makirfo da kyamara, ba ka ma san ko suna nan ba. Ya kuke yi da naku?

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Idan wani ne ke karanto muku darussan ISTQB, jarrabawar samun takardar shaidar gwajin manhaja, babi bayan babi, ai dole su yi gyangyaɗi. Ki ba su abin da za su taɓa da hannunsu. Ki duba tsarin Weekend Testing da wasu masu gwaji suka fara a Indiya a 2009: a zaɓi manhaja ɗaya, a faɗi abin da ake nema, kowa ya yi gwaji na awa guda, awa ta biyu kuma a zauna a tattauna abin da kowa ya gani.

Bilkisu: To Malam, wace manhajar za mu riƙa gwadawa?

Nura: Anti Bilkisu, ki ɗauko OWASP Juice Shop. Kanti ne na bogi da aka cika da ramukan tsaro da gangan, kowa ya sauke a kwamfutarsa ya yi ta tona. Hatta allon da ke nuna makin mutum a ɓoye yake, nemo shi na cikin ƙalubalen. Masu son API kuma, wato hanyar da manhaja ke magana da wata manhaja, ga Restful-booker da aka yi don koyon gwaji, a haɗa da Postman, manhajar da ake gwada API da ita. Sai dai Restful-booker duk minti 10 yake share bayanai ya koma yadda yake, ki faɗa musu tun farko, kar wani ya rubuta rahoto wai abin da ya shigar ya ɓace. Kuma don Allah ban da gwada shafin mutane ba da izininsu ba.

Hajiya Rabi: Ni a wajena awa ta biyun nan ita ce zaman. Amma ki kula da irin tambayar da za ki yi. Da kin ce "matsala nawa ka gano?" ya zama gasa, sabbin shiga sai su ja bakinsu su yi shiru. Ki ce "me ya sa ka fara ta nan?" Na taɓa ganin mutum biyu sun kama matsala ɗaya a wajen cike adadin kaya. Ɗaya ya saka sifili ne da gangan, don ya saba duba iyakar lambobi. Ɗayar kuwa liƙa rubutu ta yi daga wani wuri, ya shigo da sarari a ƙarshe. Da aka sa kowa ya nuna sikirin ɗinsa ya maimaita, har waɗanda ba su taɓa cewa uffan ba suka fara jefo tambaya. Kuma bayan kin yi tambaya ki daure ki yi shiru. Mai jan ragama ne ya fi kowa tsoron shiru, shi ya sa yake amsa wa kansa.

Malam Habu: Gaskiya ne Hajiya. Ranar da ba ki samu shirya gwaji ba kuma, ki yi Lean Coffee, wanda Jim Benson da Jeremy Lightsmith suka fara a Siyatil a 2009. Kowa ya rubuta batunsa, a kaɗa ƙuri'a, a ba wanda ya fi ƙuri'a 'yan mintuna, in lokaci ya cika a tambaya a ci gaba ko a wuce. Trello, allon tsara ayyuka na intanet, mai layi uku ya ishe ku jera batutuwan.

Nura: Akwai kuma gwajin taron dangi: ɗaya na riƙe da kibod ɗin kwamfuta, wani na faɗa masa abin da zai yi, ana karɓa-karɓa. Amma in netwok na jan ƙafa, wahala ce zalla.

Bilkisu: Zoom na kyauta fa yana yanke mu a minti 40.

Nura: Google Meet yana ba da minti 60.

Hajiya Rabi: Ni ban ga laifin yankewar ba, ki mayar da ita hutu tsakanin gwaji da tattaunawa. Abin da zan hana ki shi ne naɗar zaman. Mutane kan kawo matsalolin wajen aikinsu, da sun ga alamar ana naɗa sai kowa ya kama bakinsa. Ku yi yarjejeniya irin ta Chatham House: a ɗauki ilimin a yi amfani da shi, amma ba a cewa wane ne ya faɗa.

Malam Habu: Waɗanda ba su samu zuwa ba fa, Hajiya?

Hajiya Rabi: A sa mutum ɗaya ya rubuta taƙaitaccen bayani ba sunaye, kowane mako a canza mai rubutawa.

Bilkisu: Na gode ƙwarai. Nura, ka turo mini yadda ake sauke Juice Shop ɗin, in gwada a tawa kwamfutar kafin in tura musu.