Da ɓawo ake auna 'ya'yan itace ko sai an fere?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Likita ya ce in rage ƙiba, don haka nake lissafin kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki), har na sayi ƙaramin sikelin kicin. Shinkafa da wake ba su ba ni wahala, 'ya'yan itace ne suka ɗaure mini kai.

Manhajar wayata ta ce giram 100 na mangwaro kalori 60 ne, kankana 30, ayaba 89. To giram 100 ɗin har da ɓawo da ƙwallo ne, ko tsokar kaɗai? Kankana da sauƙi, sai a yanke ɓawon a auna. Amma mangwaronmu mai zare, wanda tsotsa ake yi, ta yaya zan raba tsoka da ƙwallo? Na yi tunanin in auna shi ɗungurungum, in sha, in sake auna ƙwallon da ɓawon in debe. Hakan daidai ne?

Sai dabino. An rubuta kusan kalori 280 a giram 100, amma busasshen da ke ƙaras a baki da ɗanye mai laushi ai ba za su zo ɗaya ba, ko?

Don Allah mai sani ya taimaka mini.