Waɗanda suka taɓa jifan faifai a wurin shaƙatawar unguwa, ku zo mu ji

Baban Hanifa, Kolombus (Ohayo)

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wurin waɗanda suka riga ni. A wurin shaƙatawar unguwarmu akwai kwandunan ƙarfe guda 9 da aka kafa a kan sanduna, sarƙoƙi na reto a cikinsu, an warwatsa su tsakanin itatuwa. Na golf ɗin faifai ne: ka tsaya kan daɓen siminti ka wurga faifan roba, inda ya faɗi nan za ka sake jifa har ya shiga kwando, wanda ya fi ƙarancin jifa shi ya ci. Yarona ɗan shekara 12 ya hana ni sakat sai na kai shi. Biya ake yi? Me zan saya? Kuma wane irin mutane ne ke taruwa a wurin? Wannan na ƙarshen ya fi damuna. Don Allah wanda ya taka da ƙafarsa ya yi magana, ba wanda ya ji a bakin wani ba.

Ɗan Fagge, Minisota

Wa alaikumus salam, Yaya. Filayen da ƙaramar hukuma ta kafa a wuraren shaƙatawa galibinsu kyauta ne, ba rajista, ba mai gadi, ba wanda zai tambaye ka kati. Akwai 'yan kaɗan da ake biyan kuɗin shiga, to waɗannan za ka ga allo a bakin hanya. Sauke manhajar UDisc a wayarka, za ta nuna maka taswirar filin, inda kwando na gaba yake, da ko ana biya.

Maganar saye, a nan ne 'yan kasuwa ke cin kuɗin sabon shiga. Faifan iri uku ne. Akwai na nesa mai kaifin baki wanda suke kira direba, akwai na tsaka-tsaki, akwai kuma na kusa mai kaurin baki da ake ƙarasawa da shi cikin kwando. Yaro zai ga direba yana ƙyalli ya ce shi yake so. Kada ka saya masa. An ƙera shi ne don hannun da ke da gudu, idan marar ƙarfi ya wurga shi ba ya miƙewa, tashi yake sama ya karkace hagu ya nutse cikin ciyawa, yaro ya yi fushi ya ce wasan ba daɗi. Ka saya muku na kusa ko na tsaka-tsaki ɗaya-ɗaya, roba mai araha, dala 10 zuwa 15 ta ishe ka. Na manya yawanci giram 170 zuwa 175 ne, amma shi ka nema masa mai giram 150. Da faifai ɗaya na zagaye filinmu tsawon bazara guda, kuma a nan na koyi duk abin da na iya yau.

Kafin ku fita, ɗauki alƙalamin maka ka rubuta sunanka da lambar wayarka a cikin faifan. Za ka gane amfaninsa.

Maman Yusra, Hustan (Teksas)

Ni kam ba ta hanyar daɗi na san wasan nan ba. Ina tura keken jaririyata a kan hanyar masu tafiya, sai ji na yi wani abu ya wuce ta gefen kunnena da ƙara ya daki itace. Ko ihun gargaɗi ba a yi ba. Saurayin ya zo yana ba da haƙuri, ni kuwa jikina rawa yake, don da ya sauka ƙasa kaɗan a kan yarinyar zai faɗa. Baban Hanifa, wannan ba irin faifan da yara ke caɓewa a bakin teku ba ne. Roba ce mai tauri, bakinta siriri, ƙwararru na cilla ta da gudun da ya kai kilomita 100 a awa, kuma tana fasa goshi. Abu na farko da za ka koya wa yaronka, kafin ma riƙon faifai: in akwai mutum a gabansa, ko da yana ganin ba zai kai can ba, ya jira. In ya kuɓuce masa ya nufi mutane, ya ɗaga murya iya ƙarfinsa. Wurin na kowa ne, mai tafiya a ƙasa shi ke da hanya, dokar wasan ma haka ta ce.

Ɗalibi a Tamfere, Finlan

Hajiya, Allah ya ƙara kiyayewa. Amma ina ganin rabin laifin na wanda ya tsara filin ne. Kwando bai kamata a kafa shi yadda layin jifa zai ratsa hanyar mutane ko ya bi ta kusa da lilon yara ba. Filayen da na yi wasa a nan yawanci a gefen daji ake tura su, nesa da masu yawo.

A ƙasar nan wasan ba baƙo ba ne ko kaɗan, Finlan ce ke bin Amurka a yawan filaye duk da mutanenta ba su kai miliyan 6 ba. Tun 1983 aka kafa na farko a Meilahti cikin Helsinki, kuma garin Nokia da ke maƙwabtaka da mu ya sha karɓar babbar gasar Turai. Da rani za ka ga yara 'yan firamare a kan kekuna da jakar faifai a baya, su kaɗai, ba babba. Rana ba ta faɗuwa da wuri, ƙarfe 10 na dare muna cikin fili da haske. Ni abin da ya yi min, mutanen nan ba su da yawan magana, kana iya shekara da maƙwabci ba ku wuce gaisuwa ba. A filin faifai ne wani ya fara ce min in shigo rukuninsu tunda ni kaɗai ne, kuma shi ya gyara min tsayuwa.

Gargaɗina ɗaya: kaska. Faifai cikin doguwar ciyawa yake faɗawa, kaska kuma can take, tana ɗauke da cutar Laim. Ku ma tana yankinku. Dogon wando, a cusa ƙafarsa cikin safa, in an dawo gida a duba jikin yaro, musamman bayan gwiwa, hammata da cikin gashi.

Ɗan Damagaram, Girinsboro (Karolina ta Arewa)

Alhaji, tambayarka ta uku ba a amsa ta ba, bari in gaya maka gaskiya tsakani da Allah. Mutanen wurin kashi biyu ne, kuma lokaci ke raba su. Da yamma, musamman Juma'a da Asabar, za ka haɗu da samari da gwangwanin giya a jaka, wani lokaci warin abin da suke busawa ya cika wurin, ga kiɗa a ƙaramar sifika. Ba su taɓa yi min rashin mutunci ba, hasali ma su ke taya ka neman faifai, amma ba wurin da zan bar ɗana shi kaɗai ba ne a wannan lokacin. Da safe kuwa duniya ce daban. Ni daga sallar asuba nake wucewa idan na sauko daga aikin dare. Dattawa 'yan fansho ne, da iyaye da 'ya'yansu, wuri shiru sai ƙarar sarƙa. Raɓa ce kawai matsala, faifai na jiƙewa ya riƙa zamewa, don haka ka rataya ƙaramin tawul.

Filayenmu na nan cikin kurmi suke, hanya 'yar siririya tsakanin dogayen itatuwa. Akwai wani ganye mai kunnuwa uku, poison ivy a Turance, da ke yaɗo a ƙasa yana hawa jikin itace, man da ke jikinsa na sa ƙaiƙayi da ƙuraje masu ruwa har sati biyu ko fiye. Ka nemi hotonsa ka nuna wa yaro. Idan faifai ya faɗa cikinsa, a jawo da sanda, a wanke faifan da hannu da sabulu da zarar an samu ruwa, don man yana manne wa roba.

Abin da Ɗan Fagge ya faɗa na rubuta lamba, ni shaida ne. Nawa ya faɗa rafi, na haƙura. Bayan damina ta wuce sai ga saƙo daga mutumin da ban sani ba, wai ya tsamo shi, ya ɓoye min ƙarƙashin kwandon shara na wurin jifa na farko. Na je na tarar da shi. Na ce in ba shi wani abu, ya ƙi. Tun ranar duk wanda na tsinta da lamba sai na kira mai shi.

Baban Hanifa, Kolombus (Ohayo)

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Hajiya, na karanta wa yaron saƙonki da kaina. Saura biyu. Na leƙa kanti na ga lambobi huɗu a jikin kowane faifai, me suke nufi? Sannan karnuka fa? Namu wurin cike yake da su.

Ɗan Fagge, Minisota

Lambobin tsari ne da kamfanin Innova ya yaɗa, sauran suka bi. Ta farko gudun da faifan ke buƙata, daga 1 zuwa 14. Ta biyu yadda yake daɗewa a iska. Ta uku yadda yake karkata dama a farkon tafiya, ta huɗu yadda yake komawa hagu idan ƙarfinsa ya ƙare. Wannan ga mai jifa da hannun dama ne ta bayan hannu, bahago sai ya juya lissafin. Kai dai ka duba ta farko kada ta wuce 5, ta ƙarshe kuma 0 ko 1. Sauran sai hannu ya faɗa.

Ga abin da na ga yana gyara jifan sababbi nan take. Kowa so yake ya cilla sama, gani yake tsawo shi ne nisa. Ka sa ya ja faifan a miƙe ta gaban ƙirjinsa, bakin gaba ya ɗan sunkuya ƙasa, kamar mai jan igiyar janareta. Kada ya yi gudu tukuna, ya tsaya wuri ɗaya. Mita 40 a miƙe ta fi mita 70 cikin ƙaya. Yawancin kwandunan unguwa jifa uku aka ƙiyasta musu, amma kada ku damu da ƙirga a farko.

Ladubban wurin kaɗan ne. Wanda faifansa ya fi nisa da kwando shi ke fara jifa, sauran su tsaya bayansa. Ba a magana in mutum ya ɗaga hannu. Neman faifan da ya ɓace minti 3 ne a doka. In kun ga rukuni a bayanku suna jira, ku matsa gefe ku yi musu hannu su wuce, ba wanda zai ji haushin sabon shiga muddin bai tare hanya ba.

Karnuka kuwa, wasu sun saba da caɓe faifai, suna ganin ya tashi za su bi. An taɓa ɗauke nawa, ya dawo da yawu da shaidar haƙori. Na sa shi a leda, na wanke a gida. Ka riƙe leda da gorar ruwa, kuma ka duba ƙasa kafin ka ɗauka, ba kowa ke kwashe kashin karensa ba.

Kawu, Sakramento (Kalifoniya)

'Ya'yana, ku bar tsoho ya sa baki. Likita ne ya ce sai na riƙa tafiya saboda sukari, ni kuwa tafiya ba dalili ba ta zauna min. Jikana ya kawo ni filin. Kwando 18 na cin awa ɗaya da rabi zuwa biyu, da hawa da gangara, ba ka sanin ka yi ta. Kafaɗa ce ke ciwo in ba a motsa ta ba kafin a fara, wannan ku kiyaye, ku da kuka haura 50.

A jiharmu aka fara kafa fili na dindindin, a Oak Grove kusa da Fasadina, shekarar 1975, kuma da sanduna kawai aka fara. Ed Headrick, wanda ya yi aiki a kamfanin kayan wasa na Wham-O, shi ya fito da kwandon sarƙar nan, shi ya kafa ƙungiyar 'yan wasan a 1976. Tun asali a wurin shaƙatawar jama'a wasan ya tashi, shi ya sa har yau talaka ke iya yinsa. Yanzu kuɗi sun shigo, a 2021 shahararren ɗan wasan nan Paul McBeth ya sa hannu da kamfanin faifai na Discraft kan dala miliyan 10 na shekara 10. Ba na ƙin haka. Abin da ke ɓata min rai shi ne tun cunkoson da aka samu daga 2020, sai ka ga an karya reshe don a buɗe hanyar jifa, an zubar da gwangwani a gindin kwando. Maƙwabta na kai ƙara, kuma hukuma na iya cire kwandunan in ƙorafi ya yi yawa. Ni da leda nake yawo ina tsince shara.

Maman Yusra, Hustan (Teksas)

Kawu, Allah ya ƙara lafiya. Ɗalibi, ka yi gaskiya kan tsarin fili, don mun rubuta wa ofishin kula da wuraren shaƙatawa, mu da wasu 'yan wasan da kansu, aka matsar da wurin jifan aka sa allon gargaɗi. Sun ɗauki lokaci, amma sun yi.

Kuma kada Baban Hanifa ya bar Hanifar a gida. Ni ma yanzu ina yi, ni da babbar 'yata, da hijabinmu. Ba gudu, ba cakuɗuwa da kowa, ba kayan da aka tilasta. Gajeren hijabi ya fi, ko a ɗaure dogon ta baya, don yana kama hannu lokacin jifa. Zafin Hustan ne ke korar mu, daga Yuni zuwa Satumba sai da sassafe.

Ɗan Damagaram, Girinsboro (Karolina ta Arewa)

Ɗalibi, yaran Finlan da ke zuwa su kaɗai, wannan can ne. A nan ban ba da shawarar haka ga ɗan shekara 12 ba, ko don titin da ke gefen wasu filayen, yaro zai bi faifai har kan kwalta bai duba ba. Alhaji, ka raka shi, ku je Asabar kafin ƙarfe 9, ku fara zagayawa ba jifa ku ga inda kowane kwando yake da inda mutane ke bi. Kuma ku sayi faifai mai launin lemo ko ruwan hoda. Kore da baƙi ɓacewa suke cikin ciyawa, fari kuma ba zai yi muku ba in ƙanƙara ta sauka a Ohayo.