Kayan gyaran Peugeot 504: ta yaya ake gane na asali da na kwaikwayo?

Ɗan Tawa:
Assalamu alaikum iyayen gidana. Peugeot 504 GL ce ta 1974, ƙirar Faransa, mai injin esansi lita 2, ana son a mai da ita yadda ta fito. An aiko daga Yamai da fitilun gaba biyu cikin kwali mai tambarin zaki, da karbirato, da robobin birki waɗanda mai kaya ya rantse ajiyar kanti ce tun da daɗewa. Fitila ɗaya ta fi ƴar'uwarta nauyi. Me zan duba kafin in biya?

Tsohon Makaniki:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ajiye kwalin gefe, buga zaki a kwali ba wuya. Ita kanta Peugeot ba ta ƙera fitila ba, Cibié da SEV Marchal ke yi mata, don haka sunansu za ka nema.

Shafa gilashin da yatsa. A na asali rubutun daga cikin narkakken gilashin ya fito, ya taso, gefen haruffan da kaifi. Na kwaikwayo sau da yawa daga tsohuwar fitila aka ɗauki samfur, sai ka ga haruffan sun daƙushe kamar sabulun da ya sha ruwa. Nemi harafin E a cikin da'ira: E2 na nufin a Faransa aka amince da fitilar, ba lallai can aka ƙera ta ba. Idan ka ga kibiya mai kai ɗaya a kusa da wurin, ta ƙasashen da ke tuƙi a hannun hagu ce, irin su Ingila da Kenya. Tana iya zama gangariya, amma a hanyar Tawa zuwa Ƙonni idon mai tahowa za ta riƙa haskawa.

Bambancin nauyin nan ma magana ce. Ƙwanƙwasa da zobe ko makulli: gilashi ƙara yake, roba kuwa shiru. Sannan ka kunna su da dare a gaban bango, tazarar mita 5. Ta kirki tana yanka haske a layi miƙaƙƙe, ya ɗan haura ta dama. Wadda ta watsa haske kamar aci-balbal, madubin cikinta ne ba a lanƙwasa daidai ba, kuma ba saitin da zai gyara shi.

Mai Piyes Katako:
Maganar maigida haka take. Sai dai a raba kaya huɗu, don mutane na haɗa su wuri ɗaya: tsohuwar ajiya ta asali, da na kamfanin da ya yi wa Peugeot amma a nasa kwalin, da adaftabul mai ɗauke da sunan wanda ya ƙera shi, da jabu mai satar suna. Na ƙarshen ne kaɗai ha'inci. Kwalin Valeo kuma kada ya tsorata ka, shi ya haɗiye Cibié da Marchal da Ducellier da Paris-Rhône.

Kan karbirato, injin XN1, wato mai lita 2 irin na motarka, yakan zo da Solex ko Zenith mai maƙogwaro biyu. Kada ka sayi komai sai tsohon yana hannunka. Gwada lambar jikinsu, auna tazarar ramukan kusa, kwance jikila, wato ƴar kusa mai rami da ke auna man da ke shiga, ka karanta lambarta. A na kwaikwayo lambar takan yi daidai amma ramin ya sha bamban, shi ya sa mota ke shan mai, tana baƙin hayaƙi, bujin na yin gawayi. Girgiza sandar malam-buɗe-littafi, wato faifan da ke buɗe wa iska hanya in an taka totur: in tana wasa, iska za ta shiga ta nan, injin ba zai tsaya lafiya a ralanti ba. Ni a ganina, tsohon Solex da aka wanke aka sa masa sabbin takardu ya fi sabon da ba a san uwarsa ba.

Ɗan Tawa:
Na gode Alhaji. To robobin fa? Tunda ajiyar asali ce, ba su ne suka fi ba?

Tsohon Makaniki:
A'a, nan ne asali ke cutarwa. Roba tana mutuwa ko ba a taɓa ɗaura ta ba, balle wadda ta yi shekaru a shagon kwano tana shan zafin Afrilu. Lanƙwasa ɗaya ka duba a rana: in ƙananan tsaga suka bayyana, ko ta ƙi komawa yadda take nan take, shara ce. Sayi sababbi na kamfani sananne. In kana shakka, jiƙa guda a man birki DOT 4 kwana 2 ka gwada ta da ƴar'uwarta busasshiya. Wadda ta kumbura ko ta yi laushi ba robar birki ba ce, za ta maƙale fistan. GL faifai gare ta a ƙafa huɗu, kada a ba ka na bashe, wato a-kori-kura, mai ganga a baya.

Haka juwan kilas, wato gasket ɗin kan inji: faɗin silindar XN1 milimita 88 ne, na injin 1.8 kuwa 84, ido ba ya rabe su da sauri. Ɗora sabon a kan tsohon, kowane ramin ruwa da na mai ya hau ɗan'uwansa.

Mai Piyes Katako:
Ƙarin ɗaya, in an zo kan bamba: ta asali inoks ce, wato ƙarfen da ba ya tsatsa, kuma wani inoks ɗin maganaɗisu na kama shi, don haka wannan gwajin ba hujja ba ne. Leƙa bayanta. Mai shafen kurom tana tsatsa daga ciki, fatar na ɓarewa a bakin ramukan kusa. Turo hoton gilashin fitilun biyu da lambar karbiraton mu gani.