Shawarwarin masu tara sautin wasannin Grateful Dead

Abin da tsofaffin hannu a Amurka suka fi nanatawa shi ne, sautin wasan wannan ƙungiyar makaɗan rock musayarsa ake yi, ba a sayarwa. A 1984 ƙungiyar ta ware wa masu naɗar sauti wurinsu a filin wasanninta. Sabon shiga ya leƙa Internet Archive, rumbun ajiya na intanet, ya fara da wasan Jami'ar Cornell na 8 ga Mayu 1977. A adana a FLAC, tsarin fayil da ba ya rage ingancin sauti, don MP3 na rage shi, a kuma rubuta rana da gari.

Inda ra'ayi ya rabu: naɗin na'urar makaɗa mai tsabta, ko na tsakiyar taro mai ihun jama'a? Na biyun ya fi rai, a ganina.