Ina ake samun kayan tsohuwar a-kori-kura ƙirar Peugeot 404 a Kumasi?

Mai tambaya, Asawase:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana a-kori-kura Peugeot 404 'yar 1976. Da ita ya yi shekaru yana ɗauko goro daga ƙauyukan Offinso, da ita aka ciyar da mu. Shekara goma sha ɗaya ke nan tana ajiye a bayan gida. Masu sayen kwandam sun zo sau uku, na hana, domin ina so in tayar da ita mahaifiyarmu ta sake shiga da ranta. Inji ya kafe, kafireta ta tafi, gilashin gaba ya tsage, birki babu. Na yi kwana biyu ina zagaya Suame Magazine, unguwar makanikai da masu sayar da kayan mota, duk shagon da na shiga sai yaro ya ce bai taɓa jin sunanta ba. Wanda ya taɓa irin wannan aiki ya taimaka mini da abin da ya gani.

Tsohon fita, Tafo Zongo:
Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan Alhaji. Kuskurenka shi ne shagunan bakin titi ka bi. Su kayan Toyota da Hyundai da Sprinter suke ajiyewa, abin da ke fita kullum. Shekara talatin da biyar na yi a Magazin ina kwance injin Peugeot, kuma ina gaya maka kayan suna nan, sai dai ba a kan kanta ba. Suna can ciki cikin lungu, a ƙarƙashin bencin tsofaffin masta, cikin buhuna da tsofaffin gwangwanaye. Ka daina tambayar kaya, ka tambayi mutum: wane ne dattijon da ke gyaran Peugeot a nan? Shi zai kai ka wurin wani, wani ya kai ka wurin wani.

Kuma kada ka je hannu rabbana. Kwance abin da ya lalace ka saka a leda ka tafi da shi. Maganar inji kuma, kafewarsa ba mutuwarsa ba ce. Silib ɗin injin 404 zare su ake yi, ba sai an gundure bulok ba. Ka cire fulogi ka zuba gas da ɗan baƙin mai a kowane rami, ka bar shi mako guda, sannan a gwada juya shi da hannu a hankali. Kada wani yaro ya ce zai ja ta da igiya a jefa giya, da haka na ga an karya ringi an lanƙwasa kwanrod a mota mai kyau.

Direba, Aboabo:
Baba ya faɗi gaskiya game da ɗaukar tsohon kaya. Ni na sayi duram ɗin birki biyu a wani shago, mai shagon ya rantse na 404 ne. Na 404 ɗin ne kuwa, amma na ƙaramar motar, mai ramin noti uku. A-kori-kura biyar gare ta. Da na mayar ya ƙi karɓa, har yau suna ɗakina. Ka ƙirga ramuka kafin ka ƙirga kuɗi, Malam.

Mai walda, Nima, Accra:
Mu nan kasuwar kayan mota ta Abossey Okai aka fi sani, amma don tsohuwar mota gara Kokompe da ke Darkuman, inda ake yanka motoci. Can na samo wa maigidana ƙofa da fitilun baya. Abu ɗaya ka kiyaye: Ghana ta koma bin hannun dama ranar 4 ga Agusta 1974, don haka gawar motar da ta girmi wannan lokaci tana iya zama mai sitiyari a dama. Taka ta 1976 a hagu yake, kayan sitiyari da dashbod ɗinsu ba za su hau ba. Ƙasan bodi da tsatsa ta ci kuwa kada ka wahalar da kanka nema, faranti za a yanka a buga.

Shawarata dai, in tafiya kake so motar ta yi, sauke injin ka ɗora na Nissan ko Toyota hom-yus. Kayansa ko a Ejura ka lalace za ka samu.

Tsohon fita, Tafo Zongo:
A'a ƙanena, ban yarda ba. Yaron nan ba motar haya yake nema ba, motar ubansa yake so. Ranar da Hajiya ta ji ƙarar injin, so ake ta gane ta. In ka sa injin Japan sai ka canza giyabos, giyar da ke jikin sitiyari ta koma ƙasa, a yanka nan a lika can, daga ƙarshe sunan kawai ya rage.

Hajiya mai fatauci, Sabon Zongo:
Ɗana, ni ban san inji ba amma na san hanya. Ina zuwa Kano sarin kaya ta Aflao, kuma sau biyu ƙanen mijina yana ba ni saƙon kayan 504 ɗinsa. A Kaduna ake haɗa Peugeot tun 1975, shi ya sa kayanta suka fi yawa can. A kasuwar Ƙofar Ruwa na samo masa kafireta Solex da gaskit da robobin birki, wasu ma a kwalinsu. Ya turo hoto ta WhatsApp, an ɗora ma'auni a kan kayan, mai shago ya duba ya fito da irinsa. Ƙananan kaya zan riƙo maka in Allah ya kai mu bayan Sallah. Gilashi kam ba zan ɗauka ba, hanyar nan ba ta barin gilashi.

Direba, Aboabo:
Gilashin gaban shi ne aiki. Na bayan kai shimfiɗaɗɗe ne, masu yankan gilashi za su yi maka. Na gaba lanƙwasasshe ne, sai an samu na asali. Ka tambayi direbobin Bawku da Bolga, da masu hawa Wagadugu ta Paga, ƙasashen rainon Faransa sun daɗe suna morar waɗannan motoci. In ka samu, ka saya tare da robarsa ko da ta tsufa.

Mai tambaya, Asawase:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Jiya na koma Magazin da tsohuwar kafireta a leda, na yi yadda Baba ya ce. Mutum na huɗu da aka tura ni wurinsa wani dattijo ne Ba'asante, yana ganin abin da ke hannuna ya ce 404, kafin in buɗe baki. Ya fito da dastabuta da famfon ruwa daga cikin wani tsohon akwati, ya ce lagireto kuma na tagulla ne, a wanke a yi masa dalma ya isa. Ya yi alkawarin zuwa gida ranar Asabar ya ga injin da idonsa. Na zuba gas a ramukan tun daren jiya. Injin asali zan bari, Yaya na Nima ka yi haƙuri, amma aikin bodi kai zan kira. Hajiya, zan kawo hoton robobin birki gida in gaishe ki. Saura gilashi, wanda ke da ɗan uwa direba a hanyar Paga don Allah ya yi mini magana.